Kwanon sarki da cokalin birkila: su wa ke gina Abuja, kuma me gini ke bar musu?

Kafin rana ta gama fitowa, an riga an cika bakin hanya. A Mararaba, a Lugbe, a Kubwa, a mashigar Gwarimpa, za ka tarar da leburori a zazzaune a kan dakali ko a gindin bishiya, kowa da kayan aikinsa a gabansa. Wannan ya kafa shebur, wancan diga, wani ya jingina baro, wani kuma ba shi da komai sai ƙarfin da Allah Ya ba shi. Da mota ta rage gudu sai a miƙe gaba ɗaya a yi mata caa. Mai motar ya sauke gilashi ya ce mutum huɗu yake so, za a haƙa fandisho, ko mutum goma sha biyar, yau ake zuba dekin. A yi ciniki a tsaye, waɗanda rabonsu ya rantse su haye bayan mota, sauran su koma mazauninsu. Idan hantsi ya dubi ludayi ba a zo an ɗauke ka ba, to ka fara tunanin wanda zai ranta maka kuɗin garau-garau.

Ka kasa kunne a wurin, Hausa za ka fi ji, amma ba iri ɗaya ba. Akwai ta Katsina da Daura, akwai Sakkwatanci da Zamfarci, akwai kuma ta mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu lissafin kuɗi da jaka da tamma. Wannan taro na bakin hanya kasuwa ce ta gaske, duk da ba ta da rumfa ba ta da sarkin kasuwa. A nan ne ƙarfin matasan arewacin Najeriya da kudancin Nijar ke haɗuwa da kuɗin masu gini. Babu wata ma'aikata a ƙasar nan da ke ɗaukar mutum da safe ba tare da ta tambaye shi takardar makaranta ko sunan wanda ya tsaya masa ba, ta kuma sallame shi da yamma da kuɗi a hannu, in ba gini ba. Shi ya sa bayan noma da ƙananan kasuwanci, da wuya ka sami abin da ya rufa wa talakan yankin nan asiri kamar siminti da yashi.

Ci-rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni, idan aka gama girbi aka cika rumbu, majiya ƙarfi kan bar gida su tafi neman abin da za su dawo da shi, su kuma rage wa rumbun baki. Abin da ya riƙa canzawa shi ne inda ake dosa. A farkon zamanin Turawa aikin shimfiɗa dogo ne, wanda ya iso Kano a 1911, sai haƙar kuza a Jos, sai gonakin koko na Kurmi da na Gwanja. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai gini ya karɓe ragamar. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ware ƙasar sabon babban birni, kuma daga lokacin har 12 ga Disambar 1991, ranar da Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, an yi shekaru goma sha biyar ana fasa duwatsu, ana sarar daji, ana ɗauke ƙauyukan Gwari. Manyan kamfanoni irin su Julius Berger su ne sunayensu suka fito a allunan aiki, amma wanda ya sunkuya ya kwaɓa simintin, sau da yawa ɗan ci-rani ne. Kuma Abuja ba ta taɓa gama ginuwa ba. Ana kammala unguwa ake buɗe wata, daga Garki da Wuse zuwa Maitama da Asokoro, daga nan Gwarimpa, ga Jahi, ga Guzape, ga rukunin gidajen da suka jeru a hanyar filin jirgin sama.

Wanda bai taɓa tsayawa wurin gini ba zai ɗauka aikin birkila ne da yaronsa kawai. Kango ɗaya yana ciyar da mutanen da mai shi ba zai taɓa haɗa ido da su ba. Akwai masu haƙar yashi a bakin kogi da masu loda shi a tifa da shebur. Akwai direban tifar da yaran motarsa. Akwai masu fasa dutse a Mpape, cikinsu har da mata da ke yini da guduma suna mayar da dutse tsakuwa. Akwai masu buga bulo, da 'yan dakon da ke sauke buhunan siminti daga tirelolin da suka taso daga Obajana ko Kalambaina ko Ashaka, da 'yan kasuwar katako da rodi da kwanon rufi na Dei-Dei. Akwai mai ruwa da kurarsa, akwai maigadi, akwai matar da ke kafa tukunyar shinkafa da wake a gefen kangon tana ba da bashi har ranar sallama. Shi ya sa duk lokacin da gini ya tsaya, ba masu gini kaɗai ke ji a jikinsu ba. A farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa, har gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin siminti zama, mutane da yawa sun rufe kangayensu suka ce sai abu ya lafa. Mai gida ya ɗaga aikinsa ne kawai, ya ci gaba da zama a gidan haya. Lebura kuwa abincin ranar ya rasa, kuma can ƙauye aka daina jin shigowar saƙon kuɗi.

Tazarar da ke tsakanin kwano da cokali

A wurin gini akwai matakala, kuma kowa ya san inda yake tsaye. Can ƙasa akwai lebura: shi ke haƙa, shi ke kwaɓi, shi ke ɗaukar kwanon sarki cike da kankare ya hau da shi bene ta kan katakon da aka gitta. Sama da shi akwai masu sana'a: birkila, kafinta, mai ɗaurin rodi, mai walda. Sama da waɗannan a wajen daraja da kuɗi akwai masu aikin gamawa, wato mai filasta, mai shimfiɗa tayil, mai silin fi'ofi, mai fenti, mai wayarin, mai aikin famfo. Sai ɗan kwangila da injiniya. Lebura aikin yini yake yi, a biya shi da yamma. Mai sana'a yakan yi jinga: a ƙirga bulon da ya ɗora, ko a auna faɗin ɗakin da ya sa wa tayil, ko a yanke masa kuɗin aikin gaba ɗaya ya ɗauko yaransa. Ko a lissafin yini, abin da birkila ke karɓa yakan kusa ninka na wanda ke miƙo masa kwaɓi, alhali rana ɗaya ta dake su.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka rabu a kan wannan matakala. Shiga kowane babban kango a Abuja, ko a Kaduna, ko ma a sababbin unguwannin Kano, ka duba. A matakin kwano da shebur, mutanenmu ne suka fi yawa. Da ka hau zuwa tayil da fi'ofi da filasta mai santsi, sai ka fara jin Faransanci da Yarbanci da harsunan bakin teku. Masu gini da yawa ba sa ɓoye ra'ayinsu: idan ana son kusurwa ta miƙe, layin tayil ya tafi ɗoɗar, a nemo mutanen Kwatano ko na Togo. Ba ina cewa babu ƙwararrun Hausawa ba ne. Akwai birkiloli da kafintoci 'yan arewa da aikinsu ke sa mutum ya tsaya kallo. Magana ce ta yawa: mu ne muka cika ƙasan matakalar, kuma kaɗan ne daga cikinmu ke hawa.

Wasu kan ji haushin baƙin, su ce sun zo sun ƙwace aiki. Wannan fushin zomo ne, wanda ba ya yi da makashinsa sai maratayinsa. Mutumin Benin ko Togo bai zo da wani asiri ba, tsarin koyo ya zo da shi. A can, iyaye kan kai yaro wurin mai sana'a a yi yarjejeniya, a biya kuɗin koyo, ya yi shekara uku ko huɗu ko fiye yana ƙarƙashin ubangidansa. Ba zai kira kansa mai sana'a ba sai an yi bikin yaye shi a gaban jama'a an ba shi takarda. A Benin gwamnati ma ta shigo cikin lamarin, tana shirya wa 'yan koyo jarrabawa ta ba su shaidar da hukuma ta amince da ita. Yaron da ya bi wannan hanya ya lalata tayil ɗin ubangidansa, an yi masa faɗa, ya sake, kafin ya taɓa na mai gida.

Shi kuwa ɗan ci-rani, ta ina zai sami shekara uku? Ya zo ne bayan girbi, yana ƙirga watanni, idonsa na kan gabas. Da hadari ya fara haɗuwa zai ɗaure kaya ya tafi shuka. A gida ana jiran kuɗin taki, ko na aure, ko na biyan bashin da aka ci a bazara. Koyon sana'a na nufin ya haƙura da kuɗin yini na lebura ya koma karɓar ɗan abin da ubangida ya ga dama, kuma mai iyali ba ya iya wannan haƙurin. Waɗanda suka tsallake, yawanci da satar ido suka tsallake. Ya yi shekaru yana miƙa wa birkila bulo yana kallon yadda yake ɗaure igiya, wata rana birkilan ya tafi salla, ya ɗauki cokali ya ɗora layi ɗaya. Idan ya dace da mai kirki, ya gyara masa ya ce ci gaba. Idan bai dace ba, ya sha zagi ya koma kwanonsa. Irin wannan koyo yana fitar da mai iya ɗora bulo, amma da wuya ya fitar da mai karanta zanen gini ko mai lissafin buhu nawa bene zai ci.

Abin ya fi zafi idan aka tuna cewa gini gadonmu ne. Ƙasar Hausa tana da Sarkin Magina tun kafin a san siminti, kuma sana'ar tana da gidajenta, ɗa ya koya wurin uba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da tubali da azara, har yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa nazarin bakan gizonsa. Akwai Gidan Makama a Kano, akwai gidajen unguwar Birni a Damagaram da zanen da ke fuskarsu. Mutanen da suka yi waɗannan sun san awo, sun san nauyi, sun san yadda ake yaye yaro. Da bulo da rodi suka zo, sai sana'ar ta sauya hannu, tsohon tsarin koyon ya tsaya wurin ginin ƙasa yana ƙanƙancewa, ba a kuma gina wani a madadinsa ba. Makarantun koyon sana'a na gwamnati suna nan da sunansu, amma duk wanda ya leƙa ɗakunan aikinsu ya san halin da da yawansu ke ciki, kuma iyaye sun fi son ɗansu ya riƙe biro ko da babu ofishin da zai zauna.

Iyaka, canji da tsaro

Wannan kasuwa ba ta san iyakar ƙasa ba, amma tana jin duk abin da ya taɓa iyakar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ita ce ta ba ɗan Yammacin Afirka damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba. Shekara huɗu bayan haka, a Janairun 1983, da kuɗin mai suka ja baya, gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka tafi, akasarinsu 'yan Ghana, har da 'yan Nijar da Togo da Benin, kuma cikinsu akwai magina da kafintoci masu yawa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Mutumin Maraɗi da ke da ƙanwa a Jibiya ba zai daina tsallakowa ba saboda takarda, amma kowane shinge da aka ƙara a hanya, daga aljihunsa ake biyan kuɗinsa.

Canjin kuɗi ya fi shingen tasiri. A da, jaka ɗaya ta sefa ba ta kai naira dubu ba, don haka wanda ya yi aiki a Najeriya ya koma gida da riba. Bayan an saki naira a Yunin 2023, jakar ta haura naira dubu biyu. Lissafi ya juye: mai tayil daga Kwatano da lebura daga Tasawa duk sun ga abin da suke tarawa ya zube rabi kafin su kai shi gida. Wasu sun koma, wasu sun ƙara kuɗin aikinsu, wasu daga Nijar sun fi karkata arewa, zuwa wuraren gini na Aljeriya da Libiya, duk da hatsarin sahara da korar da ake yi musu. A nan ne ya kamata a ce matasanmu sun cike gurbin da aka bari a saman matakala. Gurbin ya buɗe, amma hannun da zai cike shi bai ƙware ba.

A ƙasan matakalar kuwa cunkoso ƙaruwa yake yi. Tun da 'yan bindiga suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, ci-rani ya daina zama na rani. Mutumin da a da yake zuwa wata biyar ya koma, yanzu ba shi da gonar da zai koma wa, ko kuwa sai ya biya kafin a bar shi ya shuka. Ya zauna damina da rani a bakin hanya ɗaya da sababbin zuwa. Idan masu shebur suka yi yawa, mai mota ne ke yanka farashi. Ga kuma tsadar mota tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023: wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka ko Suleja, wani kaso mai tsoka na kuɗin yininsa a hanya yake ƙarewa. Shi ya sa da yawa suka gwammace su kwana a kangon da suke ginawa, a kan kwali ko buhun siminti, ko su haɗa 'yar bacar kwano a gefe. Ranar da aka sa ƙofa da taga aka shafa fenti, ranar za su nemi wani kangon.

Sunan da ba a rubuta ba

A kan takarda, Najeriya ba ta rasa dokoki ba. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan mai ɗaukar ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin jinga ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971. Duk waɗannan suna aiki ne da rajista, shi kuwa leburan bakin hanya ba ya cikin littafin kowa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin wani tsari na hukuma, kuma wurin gini na daga inda wannan ya fi fitowa fili. Babban kamfani ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba heluma, heluma ya je bakin hanya ya kwaso mutane. Idan katako ya karye da mutum daga hawa na uku, kowa sai ya ce ba yaronsa ba ne. 'Yan garinsu ne za su yi karo-karo su kai shi wurin mai ɗori, ko su nemi motar da za ta kai gawa gida.

Ka dubi ƙafafun masu zuba dekin. Silifas ne, ko tsohon buhu da aka naɗe ƙafa da shi, alhali ɗanyen siminti yana cin fata kamar wuta. Aikin yakan kai dare domin ba a tsayar da zubi a tsakiya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu na haɗiyar ƙwayoyi irin su tiramadol don jiki ya ɗauka. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas a ranar 1 ga Nuwambar 2021, mutum fiye da 40 suka mutu, kuma an yi kwanaki ana tono ba a san takamaiman adadin waɗanda ke ƙarƙashi ba, saboda babu cikakken jerin sunayen waɗanda suka shiga aiki a ranar. Littafi guda na 'yan nairori da biro a hannun maigadi ya isa ya amsa wannan tambaya.

Ni a ganina, gyaran da ya fi kusa ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta daɗe tana da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ke auna abin da mutum ya riga ya iya da hannunsa ta ba shi shaida ko bai zauna a aji ba, kuma an fara gwada shi da masu sana'a na kasuwar Panteka. Abin da ya rage shi ne a kai wannan wurin gini, a yi shi da Hausa, a kuma tsara shi daidai da kalandar manomi: wata huɗu bana, wata huɗu baɗi, ana koyo ana karɓar kuɗin yini. Gwamnati ce babbar mai ba da kwangila, don haka tana iya sa sharaɗi a cikin kowace kwangila cewa kamfani zai yaye adadi kaza na 'yan koyo daga yankin da yake aiki, a kuma ƙirga su ranar miƙa aiki kamar yadda ake ƙirga kwalbatoci. Attajiranmu da ke gina rukunin gidaje da manyan shaguna su ma suna iya yin haka ba tare da jiran kowa ba.

Ga wurin gwaji a ƙofar gida. Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wato tsakiyar ƙasar da ke tura 'yan ci-rani Abuja. A wannan karon aikin ne ya zo ya same su a gida. Akwai gadoji da tashoshi, akwai ɗaurin rodi da zubin kankare da walda da tuƙin manyan injuna na shekaru. Matasan ƙauyukan da ke kan layin sun samu aikin haƙa da dako da gadi, kamar yadda kakanninsu suka samu lokacin da dogo ya iso Kano. Ranar da jirgin farko zai tashi, za a faɗi tsawon layin da kuɗin da ya ci. Adadin da nake son ji a ranar shi ne na yaran Kazaure da Jibiya da Maraɗi da suka shiga aikin da shebur suka fito da sana'a.